Faɗuwar Urushalima: 587 ko 607? Ina shekara saba'in ɗin Irmiya ta shiga?

Maman Biyu:
Jama'ar zaure barkanmu da yamma. Ina da tambaya, don Allah masu sani su taimaka. Ɗana yana shirin jarrabawa, littafinsa ya ce Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Bayanin da ke ƙasan shafi a Littafi Mai Tsarki na maigidana ya ce 587. Jiya kuma wasu bayin Allah suka zo wa'azi ƙofar gida, suka bar mini takarda mai cewa 607. Na 586 da 587 ban damu ba, shekara ɗaya ce. Amma shekara ashirin ai ba wasa ba ce. Wanne ne daidai?

Mai Shela:
Sannu Mama. Ni Mashaidin Jehobah ne, mai yiwuwa 'yan'uwana ne suka zo wurinki. Lissafin ba shi da wuya. Kowa ya yarda Babila ta faɗi a hannun Sairus, sarkin Farisa, a 539. Ya ba da izini, Yahudawan da aka kwashe bauta zuwa Babila suka isa gida a 537. Irmiya ya ce shekara saba'in. 2 Tarihi 36:21 ta ce ƙasar ta yi hutun Asabar dukan kwanakin da take kango har saba'in ta cika, Daniyel 9:2 ma haka. Ki ɗora 70 a kan 537, me kika samu? 607. Mu mun zaɓi Kalmar Allah a kan allunan laka na arna, waɗanda mutanen Babila suka yi rubutu a kai.

Tsohon Malami:
Ɗana Mai Shela, sannu da ƙoƙari. Kafin in ce komai, ina so ka gaya wa zaure inda ka samo 539 ɗin nan. Babu ayar da ta rubuta ta. Daga waɗancan allunan lakar da ka kira na arna aka fitar da ita. Ba a cin tuwon mutum a ce hannunsa da dauɗa.

To mu ƙirga baya daga 539 ɗin da muka yarda da ita gaba ɗaya. Nabonidus ya yi shekara 17 a kan gadon sarauta, wato ya hau a 556. Kafin shi wani yaro, Labashi-Marduk, ya yi 'yan watanni. Kafin shi Neriglissar shekara 4, Amel-Marduk shekara 2, shi ne Ewil-merodak na ƙarshen 2 Sarakuna. Sai Nebukadnezzar shekara 43. Wannan ya kai mu 605, shekarar da ya ci Masarawa a Karkemish, ubansa ya mutu, ya koma gida ya karɓi sarauta. Irmiya 52:29 ta sa kwasar mutanen Urushalima a shekararsa ta 18, ita kuwa 2 Sarakuna 25:8 ta ce a ta 19 aka ƙone Haikali. Daga nan 587 da 586 suka fito, Maman Biyu. Mutanen Babila ba sa ƙirga guntuwar shekarar da sarki ya hau, mutanen Yahuza a wasu wuraren suna ƙirgawa, ga kuma saɓani a kan watan da shekara ke farawa. Ni na fi karkata ga 587, amma ba zan yi faɗa da mai cewa 586 ba.

Mai Shela:
Baba, da girmamawa, wa ya tabbatar jerin sarakunan nan cikakke ne? Ana iya mantawa da wani sarki, ko a rage wa wani shekaru.

Tsohon Malami:
Tambaya mai kyau. Da jerin sarakuna ne kaɗai, da na ce kana da hujja. Amma Babila gari ne na 'yan kasuwa masu son rubutu. Rancen sha'ir, sayar da gona, hayar gida, sadaki, duk a kan laka ake rubutawa, a sa rana da wata da shekarar sarki. Dubbai aka tono. Gidan Egibi kaɗai, wani dangin attajirai, sun bar tarin takardun ciniki na 'ya'ya da jikoki. Kowace shekara ta sarakunan nan tana da alluna. Shekara ashirin ɗin da kuke buƙata ba ta da ko rasit ɗaya. Garin da ake rubuta bashin dabino, a ce an yi shekara ashirin ba wanda ya ci bashi?

Akwai ma wata tsohuwa, Adad-guppi, mahaifiyar Nabonidus. An samo rubutun tarihinta a Haran a 1956. An jera shekarun da ta yi a ƙarƙashin kowane sarki: 43 na Nebukadnezzar, 2 na Amel-Marduk, 4 na Neriglissar. Ta kai shekara 104. In ka cusa mata ashirin, ta zama 124.

Ɗan Jami'a:
Baba kun manta da na taurari. Akwai allon da ake kira VAT 4956 a gidan kayan tarihi na Balin. Masu duban sama na Babila sun rubuta inda wata da taurari suke dare bayan dare a shekara ta 37 ta Nebukadnezzar. An lissafa baya, ya faɗa 568 zuwa 567. Koma baya shekara 19, ka sauka a shekararsa ta 18, wato 587.

Mai Shela:
Mun san wannan allon. Littattafanmu sun yi bayani cewa matsayin wata da ke ciki ya dace da 588, wanda ke goyon bayan 607.

Ɗan Jami'a:
Ai ba wata kaɗai ke ciki ba, yayana. Akwai taurari ma, kamar Zuhal (Saturn), wadda take ɗaukar kusan shekara 29 da rabi kafin ta zagayo inda take. Ka ja ta shekara ashirin baya, tana wani ɓangaren sama dabam. Ba a ɗaukar rabin shaidar mutum a kotu a jefar da rabi.

Fasto na Ƙauye:
Salama gare ku duka. Ina ta karantawa, kuma abin da ya dame ni shi ne yadda aka mai da zancen kamar dole mutum ya zaɓa, ko Irmiya ko tarihi. Ɗan'uwa Mai Shela, buɗe Irmiya 25 mu karanta tare. Aya ta 11 ta ce al'umman nan za su bauta wa sarkin Babila shekara saba'in. Al'ummai, ba Yahuza kaɗai ba. Aya ta 12 ta ce in saba'in ta cika, za a hukunta sarkin Babila. Yaushe aka hukunta shi? 539. A 537 babu wani sarkin Babila da ya rage da za a hukunta. To saba'in ta ƙare a 539. Ƙirga baya, 609. Me ya faru a 609? Shekarar da ragowar ƙarfin Assuriya ya mutu a Haran, shekarar da Fir'auna Neko ya kashe Sarki Yosiya a Magiddo yana kan hanyar kai wa Assuriyawa gudummawa. Daga nan Babila ta zama giwar yankin.

Sa'annan duba Zakariya 7. A shekara ta huɗu ta Dariyus, sarkin Farisa, wato 518, mutane suka zo tambaya ko su ci gaba da azumin wata na biyar, watan da aka ƙone Haikali. Amsar ta ambaci azumin da suka yi ta yi shekara saba'in ɗin nan. Daga 587 zuwa 518 shekara nawa? Kusan saba'in. Daga 607 kuwa kusan casa'in ne. Wannan ba allon arna ba ne, annabi ne.

Mai Shela:
To Fasto ya za ku yi da 2 Tarihi da ta ce ƙasar ta huta? Da Daniyel da ya ce kufai? Shi ma Yosifas, Bayahude marubucin tarihi na dā, ya ce saba'in.

Fasto na Ƙauye:
Yosifas ya faɗi saba'in a wasu wurare, gaskiya ne. Amma a littafinsa na martani ga Afiyon, inda ya jera shekarun sarakunan Babila, ya ce Haikali ya yi shekara hamsin a kango. Shaida ce mai baki biyu. Ita 2 Tarihi tana haɗa maganar Irmiya da ta Littafin Firistoci 26 a kan hutun ƙasa, ta ce ta huta har saba'in ta cika. Ba ta ce ranar da aka ƙone birni aka fara ƙirga ba. Na yarda ana iya karanta ta yadda kake karantawa. Ban yarda a ɗauki aya ɗaya a danne sauran da ita ba.

Almajirin Zaure:
Assalamu alaikum. Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake rigimar ta cikin gidanku ce. Mu ma muna da wannan labari. A farkon Suratul Isra'i, aya ta 4 zuwa 7, Allah Ya ce Ya sanar da Bani Isra'ila a cikin Littafi cewa za su yi ɓarna a ƙasa sau biyu. A ta farko aka aiko musu da wasu bayi masu tsananin ƙarfi suka kutsa tsakanin gidaje. A ta ƙarshe aka shiga masallacin kamar yadda aka shige shi da farko. Alƙur'ani bai ambaci suna ba, bai ba da shekara ba. Malaman tafsiri ne suka saɓa: wasu suka ce Jalutu, wasu Sanhariba, da yawa suka ce Bukhtanassar, wanda kuke kira Nebukadnezzar.

Abin da ya sa na shigo shi ne mu ma mun taɓa faɗawa irin ramin nan na lissafi. Akwai riwayoyin da ke cewa Bukhtanassar ya zo ne ɗaukar fansar jinin Annabi Yahaya (AS). To tsakaninsu akwai wajen shekara ɗari shida. Ibn Kasir da ya zo wurin ayoyin nan ya ce akwai Isra'iliyyat masu yawa, wasu ƙirƙira ne, ya ƙi tsawaita littafinsa da su. Bai ga cewa barin riwaya mai rauni ya taɓa ayar ba.

Tsohon Malami:
Allah gafarta Malam, kun kyauta. Ni ban san da wannan riwaya ta Yahaya ba sai yau.

Almajirin Zaure:
Akwai kuma Baƙara 259, Baba, mutumin da ya wuce wata alƙarya da ta ruguje, ya ce yaya Allah zai raya wannan bayan mutuwarta, sai aka matar da shi shekara ɗari. Yawancin malamai sun ce alƙaryar Baitul Muƙaddas ce bayan Bukhtanassar, mutumin kuwa Uzairu, wasu suka ce Irmiya. Ka ga mu ɗari gare mu, ku saba'in, ba mu taɓa zama da kalkuleta a kai ba.

Ɗan Jami'a:
Ni fa bari in faɗi abin da ke raina, kada a kore ni daga zaure. Duk kuna ɗauka Irmiya ya faɗi abin nan kafin ya faru. Littafin ya sha gyara a hannun marubuta bayansa. Fassarar Helenanci ta dā ta fi ta Ibrananci gajarta da kusan kashi ɗaya cikin takwas, jerin surorin ma ya bambanta, kuma a cikin littattafan da aka samo a kogunan Tekun Gishiri akwai guntun Ibrananci da ya bi gajeren. Me zai hana wani ya zauna bayan komai ya wuce ya rubuta "annabci"?

Shugabar Zaure:
Ba mai korarka. A dai ci gaba da ladabi kamar yadda aka faro.

Fasto na Ƙauye:
Ɗana, zancen tsawo da gajarta gaskiya ne, ba na musu. Amma ka yi tunani. Wanda ya zauna bayan an dawo daga bauta ya san shekarun. Daga 587 zuwa izinin Sairus a 538 shekara 49 ce. Daga kwasar farko ta 597, lokacin da aka tafi da Sarki Yekoniya Babila, kuwa 59. Maƙaryaci mai wayo da ya rubuta hamsin ko sittin ya huta. Wannan saba'in da muke ta juyawa tun la'asar, rashin zamanta daram shi ne alamar cewa an faɗe ta tun ba a san ƙarshen ba.

Kuma mu tuna da wa Irmiya yake jayayya. Sura 28: a shekara ta huɗu ta Zadakiya, sarkin Yahuza na ƙarshe, wani annabi Hananiya ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara biyu za a dawo da kayan Haikali da Sarki Yekoniya da dukan kamammu. Irmiya na yawo da karkiyar itace a wuya. Hananiya ya cire ta ya karya. Irmiya ya tafi abinsa, ya dawo ya ce ka karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta, kai kuma bana za ka mutu. A wata na biyar aka yi wannan, a na bakwai ya mutu. To saba'in amsa ce ga biyu. Shi ya sa a wasiƙarsa ta sura 29 ya ce wa kamammu su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su. Ma'ana ku kwance kaya, ku da kuka tafi da ƙafarku ba ku ne za ku dawo ba. Zabura 90 ta ce kwanakin mutum saba'in ne. Ishaya 23 ta ce za a manta da Taya shekara saba'in, kamar kwanakin sarki ɗaya.

Tsohon Malami:
Fasto ka tuna mini wani abu. Ba Yahudawa kaɗai ke amfani da saba'in haka ba. Sennakerib, sarkin Assuriya, ya rushe Babila kanta a 689. Ɗansa Esarhaddon da zai sake gina ta ya sa aka rubuta cewa gunkinsu Marduk ya yanke wa birnin shekara saba'in na zama kango, sai ya ji tausayi ya juya alamar lambar ta koma sha ɗaya. A rubutunsu in ka sauya wa alamomin biyu wuri, 70 kan zama 11. Ka ga a wannan yanki, in an ce birni zai yi saba'in, kowa ya san ana nufin fushin Sama na tsawon ran mutum.

Ɗan Jami'a:
Wannan ta Esarhaddon ta burge ni. Amma Fasto, hujjarka tana yanka ta gefe biyu. In lambar ba daram take ba, ta yaya za a ce ta cika?

Fasto na Ƙauye:
Abin da aka faɗa shi ne birni zai faɗi, bautar za ta daɗe, Babila ma za ta faɗi, za a dawo. Huɗun sun faru, a lokacin da masu faɗa a ji ke cewa Haikalin Ubangiji ba ya taɓuwa. An gama sabon Haikali a shekara ta shida ta Dariyus, wajen 516 ko 515, shekara saba'in bayan ƙona na farko. Ban ce dole ka ga hannun Allah a ciki ba, ni dai na gani. Kuma annabawan nan ba sa ɓoye inda abu bai tafi yadda aka zata ba. Ezekiyel 26 ta ce Nebukadnezzar zai ragargaza Taya. A sura 29 shi Ezekiyel ɗin ya dawo ya ce sojojin sun yi wahala har kawuna suka yi sanƙo, kafaɗu suka goge, ba su sami ladan komai daga Taya ba. Mai gyaran littafi don ya burge ka da ya share ɗaya.

Maman Biyu:
Kai, na zo neman shekara ɗaya na sami makaranta. Amma Baba, ainihin yaƙin fa? Akwai abin da aka gani a ƙasa, ko duk a littafi ne?

Tsohon Malami:
Akwai, 'yata. Kwasar farko tana cikin tarihin da Babiloniyawa suka rubuta da kansu, allon yana Landan: a shekararsa ta bakwai Nebukadnezzar ya kewaye birnin Yahuza, wato Urushalima, ran 2 ga watan Adar ya ci shi, ya kama sarkinsa, ya naɗa wanda yake so. Wato 16 ga Maris 597. A Babila an tono allunan rabon abinci da sunan Yekoniya sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar, ana ba su mai. A Lakish, a 1935, an samo wasiƙu a kan tsingaro cikin tokar ƙofar gari. A ɗaya wani soja yana gaya wa shugabansa cewa suna duban alamar wutar Lakish, don ba sa ganin Azeka. Irmiya 34:7 ta ce garuruwa masu garu da suka rage su ne Lakish da Azeka. Duk lokacin da na karanta wannan sai tsigar jikina ta tashi. A Urushalima kuma an samo gidaje ƙonannu da kan kibau, da tambarin hatimi na Yehukal ɗan Shelemiya da Gedaliya ɗan Fashur, biyu daga cikin fadawan da Irmiya 38 ta ce sun sa aka jefa Annabi Irmiya a rijiya. Wani Bahabashe, Ebed-melek, shi ya je ya roƙi sarki, ya zura masa tsummoki ya sa a hammata don kada igiya ta yanke shi.

Sauran kin sani. Yunwa ta ci birnin, aka huda garu a wata na huɗu, Zadakiya ya gudu da dare, aka kama shi a filayen Yariko, aka kai shi Ribla. Aka yanka 'ya'yansa a gabansa, sa'annan aka ƙwaƙule masa idanu. Irmiya ya ce zai ga sarkin Babila ido da ido, Ezekiyel ya ce za a kai shi Babila amma ba zai gan ta ba.

Mai Shela:
Wannan na ƙarshe ai muna tare, Baba. Ni dai ban bar matsayina ba. Mun gaskata ƙasar ta zama kango sarai shekara saba'in cif, kuma wannan lissafi yana da alaƙa da 1914, shekarar da muka gaskata Almasihu ya fara sarauta a sama, da sauran abin da muka fahimta daga Daniyel 4.

Fasto na Ƙauye:
Na gode da ka faɗa da bakinka. Shekara 2,520 da kuke fitarwa daga Daniyel 4, in an ƙirga daga 607, ita ke kai ku 1914, shi ya sa ashirin ɗin nan ba ta taɓuwa a wurinku. Ba gori nake maka ba, mu ma a coci-cocinmu akwai masu ɗaukar Daniyel da jarida su sa wa duniya ranar tashi.

Almajirin Zaure:
Mu ma akwai masu yi da Suratul Isra'i, Fasto, har da shekara suke bayarwa. Shekarar ta zo ta wuce, a sake lissafi.

Maman Biyu:
Wata 'yar tambaya ta ƙarshe. Yaron ya ce 2 Sarakuna ta ce ran bakwai ga wata aka ƙone Haikali, Irmiya 52 ta ce ran goma. Wanne zai rubuta?

Tsohon Malami:
Malaman Yahudawa na dā sun ce ran bakwai aka shiga, da yammacin tara aka cinna wuta, ta yi ta ci har goma. Shi ya sa suke azumi ran tara ga watan Ab har yau, suna karanta Makoki a zaune a ƙasa, kuma a ranar suke tunawa da rushewa ta biyu ta hannun Titus na Roma a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Ba na jin za a tambaye shi rana. Shekara kuwa ya rubuta ta littafin makarantarsu, 586, kada ya je yi wa mai duba takarda gardama.

Mai Shela:
Zan duba Zakariya 7 da kyau, Fasto, ba ni da amsarta a daren nan. Amma ku ma ku sake karanta Daniyel 9:2, ban gamsu da abin da kuka ce ba, hasali ma ba ku taɓa ta ba.

Fasto na Ƙauye:
Gaskiyarka, na tsallake ta. Gobe bayan sujada zan zo da ita. Kai kuma ka taho mana da sunan sarkin da ya yi shekara ashirin ɗin.